Kafin ka kafa tanti a bakin Tiga, nemi mai unguwa

Da zarar ruwa ya ɗauke, iskar kaka ta fara kaɗawa, sai hotunan su fara yawo a Facebook da TikTok: samari biyar ko shida a bakin ruwa, an kafa tanti, an hura gawayi, rana na faɗuwa a bayansu. Duk wanda ya gani tambayarsa ɗaya ce: “Don Allah ina ne nan?” Ba na jin mai tambayar wa ya ba su izini, ko wa suka sanar kafin su kwana, ko ina suka zagaya da dare ya yi. Kyawun wurin kaɗai ake bi, alhali a ganina shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai shirin fita da iyalinsa ko abokansa ya duba.

Ba na cikin masu yi wa wannan sabuwar ɗabi'a dariya. Na san abin da dattawa ke faɗa a majalisa: kakanni sun sha wuya sun baro ƙauye, sun gina ɗaki da siminti, ga jikoki sun ɗauki kuɗi suna sayen tanti don su kwana a ƙasa. Maganar tana da daɗin ji, amma mai yin ta bai duba yadda Kano ta koma ba. Filayen ƙwallo na unguwanni sun zama shaguna. Kududdufan da muka sani an cike su an yanka filoti. Ganuwa ta zaizaye, inda ba ta zaizaye ba gini ya cinye ta. Yaron da aka haifa a Kurna ko Ɗorayi ko Rijiyar Lemo yana iya kai shekara 15 bai taɓa kwana inda babu ƙarar janareta ba, bai taɓa ɗaga kai ya ga Kaza da 'Ya'yanta a sama ba, bai san bambancin gawo da marke ba. Gidan Zoo da Dala da Goron Dutse suna nan, amma na yini ne, ranar Sallah kuwa ko wurin sa ƙafa babu. Magidancin da ya ce zai fitar da 'ya'yansa su kwana ɗaya a bayan gari, su ga cewa duniya ba a Na'ibawa ta ƙare ba, ni dai ban ga laifinsa ba.

Wuraren zuwa kuma ba su yi mana kaɗan ba. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya bar mana gadon ruwa. Madatsar Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano, ruwanta ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma nisanta daga birni bai wuce kilomita 70 da 'yan kai ba. Kafin ka kai ta akwai tafkin Bagauda, a gefenta kuma ga duwatsun Rano da na Rurum. Ta yamma akwai madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ta arewa akwai madatsar Thomas a wajen Ɗambatta. Wanda ya yarda ya ƙara mai ya tsallaka Jigawa, zai ga zane-zanen mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, ko ya wuce Baturiya a ƙasar Haɗeja, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka su yi hunturu. Yankari, da ruwan Wikki mai ɗumi da giwayenta, ta fi su duka suna, amma kusan kilomita 400 ce daga Kano, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ta fita daga lissafin ma'aikacin da ke da Asabar da Lahadi kawai.

Matsalar tana cikin inda matasanmu suka ɗauko darasin. A bidiyon Turawa, gwanintar ita ce mutum ya yi ta kutsawa har ya kai inda babu kowa, ya kafa tantinsa shi kaɗai. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yawancin waɗannan wurare gandun gwamnati ne, da ma'aikata, da rajista a bakin ƙofa, da lambar da za ka kira in ka karye. A ƙasar Kano babu dajin da ba shi da mai shi. Filin da ka gani fayau a watan Janairu gonar wani ce da ya girbe. Shimfiɗaɗɗiyar hanyar nan mai laushi tsakanin gonaki burtali ne, kuma garke zai biyo ta da asuba ko kana kai ko ba ka kai. Gaɓar da ta fi kyau a hoto, mai gangara a hankali zuwa ruwa, sau da yawa mashayar shanu ce, ko inda masunta ke ɗaure kwalekwale, ko inda matan ƙauyen ke wanki. Ƙurmin itatuwan da ke gefe, mai inuwa da shiru, je ka duba da kyau, wataƙila maƙabarta ce.

Sannan ka tsaya a matsayin mutanen wurin. Magariba ta yi, sai ga motoci biyu da ba a sani ba sun sauka daga kwalta sun nufi bakin ruwa. An sauke kaya, an kunna tocila, an hura wuta. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane, me kake so 'yan sintirin ƙauyen su ɗauka? Mu Kanawa ba ma bukatar a ba mu labarin abin da zargi ke yi wa baƙo. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyarsu ta dawowa gida yin Sallah, don an ce masu satar mutane ne. Ba ina cewa ƙauyukanmu haka suke ba. Bahaushen karkara yana girmama baƙo fiye da yadda mu na birni muke yi. Amma tsoro ya shiga ko'ina, kuma wanda ya zo a ɓoye shi ya ba da ƙofar a zarge shi.

Saboda haka shawarata ta farko, wadda duk sauran ke rataye a jikinta, ita ce ka zaɓi mutane kafin ka zaɓi wuri. Ka je da rana, mako guda kafin tafiyar, ba tare da kaya ba. In ka dace da ranar kasuwar yankin ya fi, don za ka ga kowa kuma kowa zai gan ka. Ka tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ka riƙe goronka, ka tuɓe takalmi, ka gaisa yadda ya kamata, kar ka fara da bukatarka. In an gama gaisuwa sai ka ce: “Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga birni. Mu takwas ne, da mata biyu da yara uku. Muna neman izini mu kwana ɗaya a bakin ruwa ranar Asabar, in Allah ya kai mu.” Abin da ka fi tsammanin ji shi ne: “To, madalla, Allah ya kawo ku lafiya. Amma ba can ba, can shanu ke shan ruwa. Bari in haɗa ku da yaro ya nuna muku.” Wannan yaron da za a haɗa ka da shi ya fi duk taswirar da ke cikin wayarka. Ya san inda ruwa ke kaiwa in ya cika, da inda gaɓa ke da rami, da kukar da zuma ta zauna a ciki, da dutsen da aka kashe maciji a gindinsa makon jiya. Ka karɓi lambar mai unguwa da ta shugaban 'yan sintiri, in akwai ofishin 'yan sanda kusa ka leƙa ka faɗa musu. Rabin yini ne zai tafi, ba wani abu ba.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Fataken da suka yi ta kai da kawo tsakanin Kano da Gwanja neman goro sun fi mu sanin kwanan daji, don su watanni suke yi a hanya da jakuna da dukiya. Madugu ba ya barin ayari ya sauka inda ya ga dama. Jagaba ke wucewa gaba ya duba masauki, ana ya da zango tun da sauran rana, kusa da ruwa kuma kusa da gari, a aika wa sarkin garin gaisuwa, matan garin su fito da abinci su sayar. Mutanen da ke da kwari da baka da takobi ba su ga ƙasƙanci a neman izini ba, balle mu da ba mu riƙe da komai sai wayar salula da tukunyar shayi.

Akwai wuraren da ko da izinin mai unguwa ba zan ce a kwana ba, kuma gara a faɗi sunansu. Dajin Falgore, a kan hanyar Jos, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, kuma babu inda ya kai shi kyau a jihar nan, balle in ka haɗa da tsaunukan Riruwai da ke bayansa. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10 da ta amince da su, tare da dausayin Haɗeja. Amma dajin ya daɗe yana ɓoye ɓarayin shanu da masu tare hanya, har ta kai a zamanin Gwamna Ganduje aka mayar da wani sashensa filin atisayen sojoji. Sa hannu a takarda a Abuja ba ya korar ɗan bindiga daga ƙurmi. Haka ƙauyukan da ke iyaka da Katsina, wajen Shanono da Tsanyawa, da suka sha hare-hare a 2025. Masu cewa ai wurin sananne ne, Turawa ma suna zuwa, su tuna da gidan dutsen nan na Kajuru a Jihar Kaduna, inda 'yan bindiga suka kashe mutum biyu a Afrilun 2019, ɗaya 'yar Ingila, suka tafi da wasu. Su tuna da Kure, wurin raƙuman dawa da mutanen Yamai ke zuwa shan iska, kilomita 60 kacal daga babban birnin Nijar, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Agustan 2020. Duka biyun kyawunsu ne ya ja mutane, sunansu kuma shi ya ja maharan. Labarin tsaro yana canzawa daga mako zuwa mako, don haka wanda ya je bara ba shaida ba ne. Direban motar haya da ke bin hanyar kullum ya fi shi.

Ni ma'aunina na nisa mai sauƙi ne. In yaro ya kamu da zazzaɓi ko wani abu ya sare shi da ƙarfe biyun dare, za ka iya kai shi babban asibiti cikin awa ɗaya, a kan hanyar da ba ka tsoron bi a wannan lokacin? Akwai sabis a daidai inda za ka kafa tantin, ba a kan tudun da ke can nesa ba? Motarka za ta iya fita ba sai an tura ba? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, wurin bai yi ba, ko da aljannar duniya ce. Zaɓen wurin kwana daga hoto kamar sayen ragon layya ne ta waya: sai an sauke shi a ƙofar gida za ka ga ɗingishin.

To, an samu ƙauye, an samu izini. Saura ƙasar da za a shimfiɗa tabarma a kai, kuma a nan ne ɗan birni ya fi yin kuskure, don ido yana kai shi inda bai dace ba. Rairayin kogi a lokacin rani yana da laushi da tsabta, ga shi fari tas, amma ba wurin kwana ba ne. A ƙasan madatsa, ruwa na iya ƙaruwa ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba, in an buɗe ƙofa don masu noman rani. Tiga ce ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa. A farkon damina da ƙarshenta kuwa, ruwan da aka yi a wani gari can sama yana iya cika busasshiyar ƙorama cikin dare alhali kai kana ganin taurari. Ka nemi ɗan tudu mai ƙasa tauri, ka ja baya daga bakin ruwa kamar taku 200. Sauro zai ragu, raɓa za ta ragu, yaro ba zai sulale ya faɗa ruwa kana ɗaure igiya ba, kuma abin mamaki, daga tudun ne ma ruwan ya fi kyan kallo.

Itace ma sai an zaɓa. Gawo yana da inuwa a rani lokacin da sauran suka kaɗe, shi ya sa dabbobi ke yini a gindinsa suna cin 'ya'yansa, su bar maka kashi da kaska da ƙaya. Giginya dama an ce na nesa ka sha inuwarta, kuma ɗanta in ya faɗo daga wannan tsayin ba tanti ba, ko gilashin mota sai ya fasa. Tsohuwar kuka mai kogo gidan zuma ce ko na jemage. Tsamiya ta fi kowa inuwa mai sanyi, sai dai in mutanen wurin suka ce wannan ba a kwana a gindinta, kar ka tsaya musu da su kan aljanu. Ƙasarsu ce, ka matsa gaba. Darbejiya ko mangwaro a gefen gari sun ishe ka. Ka share wurin tas kafin ka shimfiɗa komai, ka nisanci suri da tarin duwatsu da tarin kara, don nan ne maɓoyar kububuwa da kunama. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, da dare take yawo, kuma ita ce ta fi cika gadajen asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo. Kowa ya sa takalmi rufaffe in duhu ya yi, kowa da tocilarsa, da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A ɗauki mutum a sa a mota a nufi asibiti.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka ƙofar tanti ta kalli kudu ko yamma, murhu kuma ya kasance inda iska za ta kwashe tartsatsi ta yi nesa da tanti da busasshiyar ciyawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Disamba, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye karan da manomi ya tara don dabbobinsa, ko damin dawar da bai kai gida ba, kuma babu haƙurin da zai biya wannan. Gawayi a kurfoti ya fi wutar itace a ƙasa. Kada kuma sanyi ya sa a shigar da garwashi cikin tanti a zuge. Hayaƙinsa ba ya wari, yana kashewa cikin barci.

Ruwan kansa, wanda shi ne ya kawo mu, a kalle shi da ido kawai ya fi. Ruwan madatsa da na magudanan noman rani, musamman gefe-gefe inda yake kwance da ciyayi, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama. Ba sai ka sha ba, shiga kawai ya isa, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini a rasa daga ina. Za ka ga yaran ƙauyen suna iyo suna murna, 'ya'yanka su dame ka. Ka daure ka hana. Ruwan sha da na alwala a zo da shi a jarka, ko a ɗebo a rijiyar burtsatsen gari. Madatsar Wasai da ke wajen Minjibir tana kusa da birni ƙwarai, amma ruwan Jakara ne ke zuba a cikinta da duk abin da ya kwaso daga kwatocin birni da masana'antun Bompai, don haka kusancinta bai sa ta shiga lissafina ba. Batun kwalekwale kuwa, duk Bakano ya tuna ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari a Bagwai da mutanen da suka fi ƙarfinsa, aka rasa rayuka fiye da 20, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. In babu rigar kariya ga kowane mutum, ko matuƙin ya ce a ƙara mutum biyu ba komai, ko rana ta kusa faɗuwa, a haƙura da yawon ruwan.

Lokaci ma wani ɓangare ne na wurin. Gaɓar Tiga ta watan Oktoba, koriya shar da ruwa cike, ba ita ce ta watan Afrilu ba, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kuma tanti ke zama tanda tun hantsi. Oktoba ta fi kyau a ido, amma amfanin gona na tsaye, ciyawa ta yi tsayi, ƙarangiya ta nuna, sauro bai tafi ba. Ni na fi son daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba: an girbe, ƙasa ta bushe, hazo bai rufe sama ba tukuna. Janairu ma ta yi ga mai bargo biyu, sai dai sanyin bakin ruwa da asuba ba irin na cikin gari ba ne, kuma mai asma ya yi nesa da ƙurar. A duba kwanan wata na Musulunci kafin a sa rana. Mai tafiya da yara ya zaɓi daren 13 zuwa 15, farin wata ya haska masa ko'ina. Mai son taurari ya bari sai ƙarshen wata.

Akwai abin da maza ke mantawa in suna tsara irin wannan tafiya, don su bai dame su ba: ban ɗaki. Namiji ya ɗauki buta ya zagaya bayan dutse, shi ke nan. Matarka da 'yarka budurwa fa? Wurin da babu inda mace za ta kama ruwa cikin sutura ba wurin iyali ba ne, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar a sauka kusa da gari. In ka yi magana da mai unguwa tun farko, da wuya a rasa gidan da zai buɗe wa matanka ƙofa, wani lokaci ma su ƙare da kwana a ɗakin uwargida suna hira, ku maza ku ji da tantinku. Inda babu wannan, a haƙa rami nesa da ruwa, a kewaye da zana ko tamfol, a rufe da ƙasa kafin a tashi. Ruwan da kake gani a Tiga shi ne wani ke sha a ƙasa.

Wani zai ce to ina shaƙatawar, in mutum ya gudo daga hayaniyar mutane ya sake faɗawa hannun mutane? Gaskiya ne, za a zo kallonku. Yara za su tsaya daga nesa su zuba ido, wani dattijo zai zo gaisuwa ya zauna ya ƙi tashi. Amma bayan sallar isha'i ƙauye barci yake yi, shirun da ka zo nema za ka same shi har ya ishe ka, kuma za ka same shi da kwanciyar hankalin cewa akwai wanda ya san kana nan. Abin da ba za ka samu ba shi ne damar kunna lasifika har asuba da rawa maza da mata a fili. Wanda wannan ce bukatarsa, ya kama zauren biki a cikin gari. Samari kaɗan masu irin wannan hali, da masu ɗaukar matan ƙauye hoto a bakin rafi ba izini, da masu barin ledoji da robobi a gaɓa, su ke sa a rufe wa na bayansu ƙofa. Akuya ko saniya in ta haɗiye leda tana iya mutuwa, kuma mai ita ba zai manta motar da ta kawo ledar ba.

Kada kuma a cika but ɗin mota da komai daga kanti a birni. A sayi kifi a hannun masunta, nono da fura a hannun matan Fulani, rake da tumatir a bakin hanya. Yaron da ya yi muku jagora a sallame shi da abin kirki, 'yan sintirin da suka kwana suna leƙo ku a ba su na goro ba tare da sun tambaya ba. Duk wannan bai kai kuɗin ɗaki ɗaya a otal ba, kuma shi ne zai sa in kun dawo baɗi a tarbe ku da sunanku.

Gwamnati ta taɓa gwada nata salon. An gina otal a bakin tafkin Bagauda, an gina Rock Castle a kan dutse a Tiga, manyan gine-gine don manyan baƙi. Na Bagauda yau harabar makarantar horar da lauyoyi ce, na Tiga kuma ya daɗe da rasa martabarsa ta da. Duk lokacin da aka tashi maganar yawon buɗe ido a jihar nan, sai a koma kan biliyoyin da za a kashe a sake irin wannan. Malamin makaranta mai 'ya'ya huɗu ba otal yake nema ba. Kadada ɗaya yake nema a kan tudu mai kallon ruwa, da shinge, da rijiyar burtsatse, da ban ɗaki biyu na maza biyu na mata, da ɗan dandamalin sallah, da fitila mai aiki da hasken rana, da mai gadi ɗan garin wanda ke rubuta sunan duk wanda ya shigo. Kuɗin shiga ya zama daidai aljihu, kaso mafi tsoka ya tsaya a ƙauyen, don su ne za su tsare wurin in sun ga amfaninsa.

Ina kira ga ma'aikatar yawon buɗe ido ta Jihar Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Tiga da Challawa ke hannunta, da shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Rano da Ƙaraye, su zauna da hakimai da dagatan yankin su ware irin wannan fili ko da guda biyu ne, ɗaya a Tiga ɗaya a Challawa, kafin hunturu mai zuwa. Kafin su yi, mai karatu, in ka sa ranar fita, ka fara zuwa gaida mai unguwa.